Rini ko Dutse: Wanne Zai Jure Hasken Leza?

Duk wanda ya taɓa shanya atamfa a kan igiya ya mance da ita kwana biyu ko uku ya san abin da rana take yi wa rini. Gefen da ya kalli sama sai ya koɗe, wanda ya naɗe ta ciki kuwa yana nan da jansa kamar ranar da aka sayo. Wannan koɗewa ita ce babbar damuwar masu aiki da sinadaran oganik, wato waɗanda aka gina da kabon irin su rini, a fannin hasken leza, kuma dangantakar ta wuce ta misali. Ɗaya daga cikin sinadaran da aka fi gwaji da su a fannin, Disperse Red 1, sunansa ma daga masana'antar rinin tufafi ya fito, daga jerin rinin da ake yi wa yadin foliyesta. Inda aka bambanta shi ne ƙarfin hasken. Ranar tsaka tana zuba wa kowane santimita murabba'i kimanin kashi ɗaya cikin goma na wat. Idan kuwa ka cusa hasken miliwat 10 cikin hanya mai faɗin maikuromita ɗaya da kaurin maikuromita ɗaya, irin wadda ake sassaƙawa a kan guntun silikon, lissafi zai ba ka wat miliyan ɗaya a santimita murabba'i. Ninki miliyan goma ke nan na ranar da ta cinye atamfar. A haka kuma ake so na'urar ta yi shekaru tana aiki ba dare ba rana.

Wata ɗaliba ce ta sa ni wannan rubutu. Ta zo mini da takardu a hannu tana neman abin da za ta gina binciken digirinta na biyu a kai, ta ce: "Malam, na karanta cewa rinin oganik ya ninka litiyam nayobet sau goma a ƙarfi. To me ya sa har yanzu mutane suke wahala da wannan dutsen?" Tambayar ta yi kyau, kuma na san ba ita kaɗai take yin ta ba. Amsar da na ba ta a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa nake so in shimfiɗa ta a nan a tsanake, don ita da duk mai irin wannan zaɓi a gabansa.

Da farko, mene ne ake nema a wajen waɗannan abubuwa? Gilashin taga, idan jan haske ya shiga cikinsa, ja yake fita. Amma akwai abubuwan da, idan haske ya yi ƙarfi sosai, suke amsawa fiye da gwargwadon abin da aka ba su, har su haifar da sabon launi. Wannan shi ne fannin da masana suke kira nonliniya. A 1961, shekara ɗaya bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko, Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka haska lezar yaƙutu mai tsawon zango, wato ma'aunin da ke bambanta launin haske, nanomita 694 cikin dutsen kwaz, sai ɗan haske mai nanomita 347 ya fito, rabin na farko daidai. Koren lezar nan da ake sayarwa a kasuwa, wadda malamai suke nuni da ita a allo, haka take aiki: a cikinta akwai hasken infared mai nanomita 1064 wanda ido ba ya gani, sai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai suna KTP ya mayar da shi kore mai nanomita 532. Wannan aiki na farko ke nan, ninka launi. Na biyu shi ne makunnin haske, abin da ake kira modileta: a ɗora wa abu ƙarfin lantarki, saurin tafiyar haske a cikinsa ya canja, da haka a riƙa kunnawa da kashewa sau biliyoyi a daƙiƙa ana tura bayanai cikin wayar faiba. Na uku shi ne samar da igiyoyin terahaz, waɗanda ke tsakanin hasken infared da igiyoyin rediyo.

Masu takarar uku ne. Akwai duwatsun ma'adinai da ake renonsu a tanderu ko a ruwa, irin su litiyam nayobet da KTP da BBO. Akwai roba mai rini, wato folima da aka zuba wa ƙwayoyin rini aka jera su fuska ɗaya. Akwai kuma kiristal na oganik, wanda rinin ne da kansa ya daskare ya zama dutse, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne DAST.

Inda rini ya yi zarra

Ɗalibar tana da gaskiya a lissafinta. Ma'aunin da ake duba ƙarfin makunnin haske da shi ana kiransa r33, ana auna shi da pikomita bisa volt. Na litiyam nayobet kimanin 30 ne, kuma nan yake tsaye, domin tsarin dutsen ne ya ba da shi. Na DAST, wanda a wajensa r11 ake kiran ma'aunin, an auna 47 a nanomita 1535 a ɗakin gwajin Peter Günter a ETH Zurich. Robobi masu rini na zamani sun haura 100, waɗansu an ba da rahoton sun wuce 300 a siraran shimfiɗu.

Sirrin yana cikin ginin ƙwayar rinin. A gefe ɗaya akwai sashe mai bayar da ilektiron, a ɗaya gefen mai karɓa, a tsakaninsu kuma gada ta ƙwayoyin kabon masu ɗauri biyu-biyu, inda ilektiron yake zirga-zirga ba shamaki. Da haske ko lantarki ya taɓa ƙwayar, sai ilektiron ya karkata zuwa gefen mai karɓa. Tunda ilektiron ne kaɗai yake motsi, ba manyan ƙwayoyin zarra masu nauyi ba, amsar tana zuwa da sauri ƙwarai. Akwai kuma wata riba da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. A cikin litiyam nayobet, igiyar lantarki tana tafiya a hankali fiye da haske, domin ma'aunin riƙe lantarkinsa kusan 28 ne, sai an yi dabara a ginin wayoyin kafin su jera tare. A roba wannan ma'auni tsakanin 3 da 4 yake, don haka lantarki da haske kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya tun asali.

An ga amfanin haka a aikace. A shekarar 2000 ƙungiyar Larry Dalton da abokan haɗin gwiwarsa a Amurka ta nuna modiletan roba mai aiki da volt 0.8, a lokacin da na litiyam nayobet suke buƙatar volt da yawa. A 2019 ƙungiyar Juerg Leuthold a ETH Zurich ta nuna modiletan da aka cusa wa rini a ɗan tsagi tsakanin ƙarafa biyu, yana amsawa har gigahaz 500, wato sau biliyan 500 a daƙiƙa, tsawonsa kuma bai wuce 'yan maikuromita gomomi ba. Roba ruwa-ruwa ake zuba ta, tana shiga tsagin da dutse ba zai taɓa shiga ba. Idan a nan zancen ya ƙare, da babu zaɓi.

Yadda haske yake cin rini

Gadar nan da ta ba rini ƙarfinsa ita ce kuma lagonsa. Duk lokacin da masanin sinadari ya tsawaita ta don ya ƙara ƙarfi, abu biyu suke biyo baya. Launin da rinin yake sha yana matsawa zuwa ja da infared, wato yana kusantar hasken da za a yi aiki da shi. Sannan wuraren da za a iya kai wa hari a jikin ƙwayar suna ƙaruwa. Disperse Red 1 ya fi shan haske a wajen nanomita 490, ƙarfinsa kuma kaɗan ne. Rinin da suka zo bayansa, irin su FTC da CLD-1 da 'yan bayansu, ƙarfinsu ya ninka nasa sau da yawa, amma inda suka fi sha ya koma tsakanin nanomita 650 da 800.

Idan ƙwayar rini ta sha foton ɗaya, wato ɗan guntun haske mafi ƙanƙanta, yawanci tana mayar da kuzarin ya zama ɗumi, ta koma yadda take. Amma a cikin miliyoyin shan, wani lokaci sai wani abu dabam ya faru. Ƙwayar tana iya lanƙwashewa a gadarta. Rinin azo, dangin Disperse Red 1, sun yi suna da wannan: su lanƙwashe, su miƙe, amma ba lalle su miƙe suna fuskantar inda suke a da ba, sai jerin da aka sha wahalar yi ya riƙa wargajewa a hankali. Wannan da sauƙi. Mafi muni shi ne abin da ya haɗa da iskar oksijin. Ƙwayar da ta sha haske tana iya miƙa kuzarinta ga oksijin ɗin da ya ratso cikin robar, sai ya tashi daga halinsa na lumana ya koma abin da ake kira oksijin singilet. Wannan kuwa ɗaurin kabon biyu-biyu yake nema. Da ya samu, sai ya karya gadar. Ƙwayar da gadarta ta karye ta tashi aiki, launinta ya tafi, ƙarfinta ya tafi, kuma babu hanyar mayar da ita.

Na taɓa ganin wannan da idona a wani ɗakin gwaji da na yi aiki a ciki. Mun shimfiɗa Disperse Red 1 cikin robar PMMA a kan ɗan gilashi, ja-wur da shi kamar ruwan zoɓo. Aka bar koren leza a kansa, a buɗe cikin iskar ɗaki, aka shiga wani aiki. Da muka ɗaga gilashin muka duba shi a hasken taga, sai ga ɗan ɗigo a tsakiya, bai fi kan allura ba, ya yi fari-fari da ɗan rawaya a gefensa. Sauran shimfiɗar ba abin da ya same ta. Babu alamar ƙuna, robar ba ta narke ba, ba ta kumbura ba, idan ka shafa santsi ɗaya ne. Rinin ne kawai ya bar wurin. Tun daga ranar, duk lokacin da na ga babbar lamba a takardar bincike, abin da nake fara nema shi ne a cikin wace iska aka auna, kuma tsawon wane lokaci.

Waɗanda suka sa wa wannan matsala ma'auni su ne ƙungiyar George Stegeman a cibiyar CREOL ta Jami'ar Central Florida, a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000. Sun yi amfani da lambobi biyu. Ɗaya, B, ita ce adadin foton da ƙwaya take sha a matsakaici kafin ta lalace. Ɗayar, sigma, ita ce gwargwadon yadda ƙwayar take kama foton a wannan tsawon zango. Idan aka raba B da sigma, aka sake rabawa da yawan foton da ke wucewa, za a sami kimanin tsawon ran rinin. Abin da ya fito fili a ma'aunansu shi ne, rini ɗaya a roba ɗaya, ransa yana ninkuwa ninki-ba-ninki yayin da aka nisanta hasken aiki daga launin da yake sha. Rinin da koren haske zai cinye nan da nan yana iya daɗewa ƙwarai a nanomita 1550, inda sadarwar faiba take aiki. Sun kuma nuna cewa cire oksijin daga wurin yana ƙara masa rai sosai.

Sai dai "nesa" ba ta nufin "babu". Shan hasken rini yana da dogon wutsiya da ke jan ƙafa har cikin infared, kuma da ƙarfin wat miliyan a santimita murabba'i, ɗan abin da ya rage a wutsiyar ma ya isa ya yi ɓarna cikin watanni. Foton biyu masu nanomita 1550, idan suka faɗa wa ƙwaya lokaci ɗaya, daidai suke da foton ɗaya mai nanomita 775, wanda ya faɗa tsakiyar inda sababbin rini suke sha. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai zaɓi tsakanin zangon 1310, ɗaya zangon da sadarwar faiba take amfani da shi, da na 1550 ya sani: tazarar kuzari tsakanin oksijin na yau da kullum da na singilet ta yi daidai da haske mai nanomita 1270, maƙwabcin 1310 na kusa. Ga shi kuma 1310 ya fi kusa da launin da rinin yake sha. Lambar r33 takan fi girma a 1310, shi ya sa masu bincike suke son ba da rahoto a can, amma rinin ya fi samun sauƙi a 1550.

Magunguna suna nan, kuma suna aiki. Mafi ƙarfinsu shi ne rufe na'urar ruf a cikin akwatin da iska ba ta shiga, cike da naitirojin, ko a lulluɓe ta da siririn bango mai hana oksijin ratsawa. Ana zuba wa robar sinadarai masu kwantar da oksijin singilet kafin ya yi ɓarna, irin su DABCO. Ana kuma gina ƙwayar da kariya a jikinta: a ɗaure wani sashe na gadar cikin zobe don kada ta lanƙwashe, kamar yadda aka yi a CLD-1, ko a rataya mata manyan rassa a gefe. Akwai ma wani abin mamaki da ƙungiyar Mark Kuzyk ta Jami'ar Jihar Washington ta gano a farkon shekarun 2000: rinin Disperse Orange 11 a cikin PMMA, bayan leza ta raunana shi, idan aka bar shi a duhu yana farfaɗowa da kansa. Wannan ya buɗe bincike mai daɗi, amma hali ne na waɗansu rini ƙalilan, kada wanda zai gina modileta ya dogara da shi.

Mutuwa ta biyu ta roba ba ruwanta da haske. Kafin roba mai rini ta yi aiki sai an jera ƙwayoyinta fuska ɗaya: a ɗumama ta har ta yi laushi, a ɗora mata lantarki mai ƙarfi, wajen volt 100 a kowane maikuromita, a bar ta ta huce lantarkin yana kai. Ƙwayoyin ba su so wannan jeri ba, dole aka yi musu. Da zarar zafi ya kusanci inda robar take laushi, sai su fara juyawa. PMMA tana laushi a wajen digiri 105, kuma zuba mata rini yana ƙara saukar da wannan lamba. Kamfanonin sadarwa kuwa gwajinsu na al'ada shi ne digiri 85 na dubban awoyi, har da wani gwajin da ake haɗa digiri 85 da danshi kashi 85 cikin ɗari. A nan an samu ci gaba na gaske. Ana ɗinke sarƙoƙin robar da juna bayan jeri don su ƙulle ƙwayoyin, ko a yi amfani da robar da ba ta laushi sai da zafi mai yawa. Ƙungiyar Christian Koos a Karlsruhe ta Jamus ta nuna a 2018 modiletan silikon da roba da aka ajiye sama da awa 2000 a digiri 85 bai lalace ba, sannan a 2020 ƙungiyar Shiyoshi Yokoyama ta Jami'ar Kyushu a Japan ta nuna wanda yake tura gigabit 200 a daƙiƙa, yana kuma jure aiki a digiri 110. Ga wata dabara mai sauƙi ta rarrabe cututtukan biyu a ɗakin gwaji: idan ƙarfin ya ragu amma launin yana nan, jeri ne ya wargaje, ana iya sake jerawa. Idan launin ya koɗe, rinin ne ya mutu.

Shi ma dutse yana da nasa ciwon

Ba na so a tashi daga nan da tunanin cewa haske ba ya taɓa dutse. A 1966 Arthur Ashkin da abokan aikinsa a Bell Labs suka lura cewa idan leza mai launi ta ratsa litiyam nayobet na ɗan lokaci, ɗigon hasken da ke fitowa yana bajewa ya lalace. Dalilin shi ne ɗan ƙarfen da ya gurɓata dutsen. Haske yana tayar da ilektiron daga jikinsa, su yi ƙaura zuwa gefen duhu su maƙale, sai su haifar da lantarki a cikin dutsen, shi kuma lantarkin ya karkatar da hasken. Kore da shuɗi suka fi jawo haka. KTP, idan aka matsa masa da koren haske mai ƙarfi, wani toka-tokan layi yake fitowa a inda hasken ya bi. BBO, wanda ƙungiyar Chen Chuangtian ta samar a Fujian ta ƙasar Sin a shekarun 1980, yana jure haske ƙwarai har zuwa bayan shuɗi, amma danshi yana dusashe fuskarsa a hankali. KDP kuwa, wanda ake renon manya-manyansa don babbar lezar nan mai bakin haske 192 ta Livermore a Kalifoniya, ruwa yana narkar da shi kamar gishiri.

Bambancin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne irin ciwon. A litiyam nayobet babu ɗaurin da ya karye, ilektiron ne suka canja wurin zama. Idan aka ɗumama dutsen zuwa wajen digiri 200, suna komawa, dutsen ya warke. Idan aka zuba masa magnesiyam wajen kashi 5 cikin ɗari tun a reno, ciwon yana raguwa sosai. Shi ya sa za ka ga ana aiki da shi a cikin ɗan tanderu. Oksijin ba ya yi masa komai, kuma jerinsa ba ya wargajewa sai zafi ya haura digiri 1100. Yana da wata matsala ta zamewar saiti a hankali idan lantarki ya daɗe a kansa, amma injiniyoyi sun daɗe da sanin yadda ake bin ta da gyara.

Kuma dutsen bai zauna wuri ɗaya yana jiran a wuce shi ba. A 2018 ƙungiyar Marko Lončar a Harvard ta nuna modileta na siririyar shimfiɗar litiyam nayobet, wadda kaurinta bai kai maikuromita ɗaya ba, yana aiki da ƙaramin volt da sauri mai yawa. Wannan ya cinye kaso mai tsoka na fifikon da roba take taƙama da shi. Abin da ya rage mata shi ne gajarta: na dutse har yanzu tsawonsa milimita da yawa ne zuwa santimita, na roba kuwa yana iya zama ƙasa da milimita ɗaya.

DAST yana tsakiya, kuma halinsa dabam. An bayyana shi a ƙarshen shekarun 1980, ta hannun Seth Marder da abokansa a Amurka da kuma ƙungiyar Hachiro Nakanishi a Japan. Ana renonsa a cikin metanol, yana fitowa ja mai duhu da ƙyallin kore kamar bayan ƙwaro. Ƙwayoyinsa da kansu suke jeruwa, don haka babu fargabar wargajewar jeri, kuma a cushe suke ƙam, oksijin ba ya ratsa su yadda yake ratsa roba. Abokin gabarsa ruwa ne. Idan ya sha danshi yana komawa wani tsari mai ruwan lemo wanda ƙwayoyinsa suke fuskantar juna biyu-biyu, ƙarfin ɗaya ya soke na ɗaya, ya zama ba shi da amfani. Ƙasa da nanomita 700 yana shan haske, don haka ba a maganar ninka launi zuwa kore da shi. Yana da laushi, gogewa da yankansa sai mai haƙuri. A samar da terahaz kuwa yana cikin na gaba-gaba, shi da 'yan'uwansa DSTMS da OH1 da BNA, idan aka buga su da gajerun bugun leza na infared. A can abin da ke kashe su zafi ne, domin ba sa fitar da ɗumi da sauri. DAST yana narkewa a wajen digiri 256, BNA kuwa da ɗan haura 100, shi ya sa ake manna shi a jikin dutsen safaya don ya janye masa zafi.

To wanne za ka ɗauka?

Idan aikinka samar da haske mai launi ne, kore ko shuɗi ko abin da ya wuce shuɗi, ka ɗauki dutse, kada ka ɓata lokaci. Launin da kake son samarwa shi ne daidai abin da rini yake sha, kuma abin da yake sha shi yake kashe shi. KTP ya isa ga ƙaramin ƙarfi, litiyam nayobet mai magnesiyam ga wanda yake son riba mai yawa daga leza marar ƙarfi, BBO ga gajerun bugu da hasken da ya wuce shuɗi.

Idan modileta ne da za a binne a wurin da ba a son komawa gyara, shekara goma ko ashirin, har yau litiyam nayobet nake ba da shawara, domin yana da tarihin shekaru gomomi a fagen aiki wanda roba ba ta tara ba tukuna. Idan kuwa wurin ya matse, ana son ɗaruruwan modileta a kan guntu ɗaya, da ƙarancin cin wuta da saurin da ya haura gigahaz 100, to roba mai rini ta cancanci a duba ta da gaske, da sharaɗin za a rufe ta daga iska, a yi aiki a 1550 in da hali, kuma a taƙaita ƙarfin hasken da ke shiga. Kuɗin rufewar nan a sa shi cikin lissafi tun farko, domin sau da yawa rinin ba shi ne mai tsada ba, akwatin ne. Idan terahaz mai faɗin zango kake nema kuma kana da lezar da ta dace, kiristal na oganik ya fi sauƙin saiti. Litiyam nayobet ma yana bayarwa da ƙarfi, amma sai an karkata gaban bugun hasken da dabarar da János Hebling ya kawo a 2002, kuma ya fi ƙarfi a ƙananan zangon terahaz.

Ga mai aiki a ɗakin gwaji irin namu akwai ƙarin abin dubawa. Zafin Afrilu yana haura digiri 40, wuta tana ɗaukewa na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, a watan Agusta kuma danshi ya cika ko'ina. Dutsen litiyam nayobet ko KTP zai kwana a aljihun tebur shekara guda ba abin da ya same shi. DAST da BBO sai a cikin kwalba mai murfi da garin shan danshi, a riƙa duba garin ana canja shi. Shimfiɗar roba da aka jera yau, a auna ta da wuri, a ajiye ta a duhu da sanyi, a rubuta ranar da aka jera ta. Kuma duk wanda zai yi gwaji da koren lezar kasuwa ya nemi tabarau na kariya da ya dace, domin masu arahar da yawa ba su da matatar da ke tare infared ɗin da ke fitowa tare da koren, ido kuwa ba ya ganinsa balle ya ƙifta.

Ɗalibanmu da yawa a kwamfuta suke yin wannan bincike, suna lissafa ƙarfin sababbin ƙwayoyi, su sami babbar lamba su rubuta cewa ƙwayar ta dace da na'urorin haske. Aikin yana da amfani, amma ina roƙon a ƙara tambaya biyu a kai. A ina ƙwayar take shan haske, kuma nawa ne nisan wurin daga hasken da za a yi aiki da shi? Sannan matakin kuzarinta na tirifilet, wato matakin da take miƙa wa oksijin kuzari daga gare shi bayan ta sha haske, yana sama da ilektiron-volt 0.98, inda za ta iya tayar da oksijin singilet, ko yana ƙasa? Duka biyun manhajar da ta ba da lambar farko tana iya lissafa su.

Ita ɗalibar tawa, a ƙarshe ba ta zaɓi gina modileta ba, tunda ba mu da kayan. Ta zaɓi auna koɗewar da kanta. Za ta shimfiɗa Disperse Red 1 cikin PMMA a kan gilasai, ta haska su da leza mai nanomita 532, ta sa na'urar auna haske a bayansu tana rubuta yadda hasken da ke ratsawa yake ƙaruwa yayin da rinin yake mutuwa. Rabin gilasan a iskar ɗaki, rabi a cikin ƙaramin akwati da ake busa wa naitirojin. Daga lanƙwasar layin za ta fitar da B bisa sigma, ta kwatanta. Da ta zo nuna mini tsarin, ta ce: "Malam, ina so in ƙara kashi na uku, in zuba wa waɗansu DABCO in gani." Na ce mata ta ƙara, amma ta fara auna kaurin kowace shimfiɗa kafin ta kunna lezar.